Kar Ki Harbe Ni, Fure

Ƙofar Wambai, Bauchi

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Kano lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka kwana da inda za ka yi aiki. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ita za ta sa takardar nan a jakarka, a ƙarƙashin dambun naman da ta yi maka, don ta ce nan ne kaɗai wurin da ta tabbata hannunka zai kai.

Ka san ni ba mai rubuce-rubuce ba ne. Abin da ya sa na zauna a shago da rana tsaka ina wannan wahala, masu sayen maganin tsutsar awaki suna ta katse ni, shi ne magana da kai ta gagara. Shekaranjiya na zaunar da kai na yi ta bayani, kana ta gyaɗa kai, ni kuwa ina jin daɗi, ina cewa a raina yaron nan ya fara hankali. Sai da na gama na lura da ɗan farin abin nan a kunnenka. Ashe kiɗa kake gyaɗa wa kai. To, takarda dai da ido ake karanta ta, sai in ga ta inda za ka toshe.

Ban hana ka tafiya ba, kuma ba zan hana ka ba. Mutanen situdiyo sun kira ka, ranka yana can, ni ma na taɓa jin irin wannan kiran. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Ka ɗauki "Fure", waƙar da na rera a fim tun ba a haife ka ba, ka ƙara mata gudu kamar an koro ta, ka cusa mata ganguna kamar injin niƙan bakin layinmu, ka watsa ta a waya, ba ka ce mini uffan ba. Wannan ma da sauƙi. Sai kuma ka zauna gaban waya da baƙin tabarau, a cikin ɗaki fa, kana gaya wa duniya wai Babanka ya yi wa Mamarka waƙar ne ranar da ya fara ganinta a bakin dam ɗin Gubi. Wa ya gaya maka? A ina ka samo wannan? Yanzu matan unguwa shigowa suke suna kiran mahaifiyarka Hajiya Fure, ita kuma sai ta shige ɗaki ta yi ta dariya har da hawaye. Ka taɓa tambayar kanka abin da take wa dariya?

Nafi'u, Fure saniya ce.

Saniya mai ƙaho biyu da baƙin hali. Sunan ma ba furen itace ba ne kamar yadda mutanen gari suka ɗauka, da Fulatanci haka muke kiran saniya mai ruwan toka. A rugarmu take, can wajen Gubi, tun wurin bai cika da gine-gine da ɗalibai ba. Mahaifina ya rasu ya bar ta, ina yaro. Duk wanda ya tsuguna zai tatse ta sai ta kai masa harbi, ƙwarya ta yi gefe, shi ya yi gefe. Kakarka Inna kaɗai take tsaya wa, ita ma sai ta rera mata wata waƙa da Fulatanci, a hankali, goshinta jingine da cikin saniyar. Da wannan waƙar na tashi kowace safiya, har ta zauna mini a baki ban sani ba.

Da na girma na shigo gari, ina tsaron shagon maganin dabbobi na wani Alhaji. Kusa da mu akwai Iliya, mai gyaran rediyo, wanda yake kaɗa fiyano a wuraren biki. Kullum yana jina ina ɗan rera abata ina jera kwalabe. Ana nan sai 'yan fim suka zo daga Kano za su ɗauki wani fim a bakin dam, waƙar da suka zo da ita kuma ba ta yi wa daraktan ba. Iliya ya shigo shago yana haki. Shi ba Bahaushe ba ne, Hausarsa irin ta mutanen bayan gari ce.

Ya ce, "Sa'adu, rufe shagon nan. Wannan waƙan da kake yi kullum, yau zai yi maka rana."

A kan acaɓa na juya ta zuwa Hausa, iska tana dukan fuskata. Situdiyon wani ɗaki ne da aka jingina wa katifu a bango, aka lilliƙa kwalayen ƙwai a rufi, janareto yana kuka a tsakar gida. Na tsaya na rera abin da ka sani, abin da kowa ya sani: Fure ki juyo, rana ta fito, ga ƙwarya a hannuna. Mai baƙin ido, mai dogon wuya, kar ki harbe ni, Fure. Daraktan ya miƙe tsaye, ya dafe kai. Ya ce, "Kar ki harbe ni! Harbin ido ke nan, harbin so! Kai, yaron nan ka iya magana." Nan take ya ce an canza wa jarumar fim ɗin suna, ta koma Fure. Na buɗe baki zan yi bayani, Iliya ya taka mini ƙafa.

Ba sai na gaya maka abin da ya biyo baya ba, amma kai labari ka ji, ni da idona na gani. Fim ɗin kansa ba wani abin kirki ba ne, yau ko mutum nawa ka tara ba za su iya gaya maka yadda ya ƙare ba. Waƙar ce ta fita ta bar shi a baya. Teburin mai shayi, shagon aski, motar haya, gidan biki, ko'ina ita ce. Aka sa wa wata atamfa suna harbin Fure. Direbobi suka rubuta a bayan manyan motoci. Aka haifi 'yan mata aka yi musu laƙabi da ita, wasunsu yanzu har da 'ya'yansu. Wani malamin makaranta ya zo har shago da ɗan rikodarsa, ya yi mini bayani mai tsawo cewa ƙwaryar da ke cikin waƙar zuciyar masoyi ce da ba kowa a cikinta. Na ce masa haka ne, Malam. Me zan ce?

Duk wannan abin da ake yi, ban je ruga na gaya wa Inna ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ban dai ga abin faɗa ba ne. A ganina waƙar tatsa ce, ta kowa ce, kamar ruwan rafi. Ran nan ta shigo gari da nononta, ta bi ta gaban mai sayar da kaset, lasifika tana ihu. Sai ga ta a ƙofar shago. Ta sauke ƙwaryarta, na gaishe ta, ba ta amsa ba.

Da Fulatanci ta ce, "Sa'adu, muryar wa nake ji a kasuwa?"

Na ce, "Tawa ce, Inna." Har ina murmushi, ina jiran yabo.

"Wa ya aike ka?"

Na shiga zuba, ina gaya mata har Kano ana yi, har Nijar ana yi, ya kamata ta yi murna. Ta bari na gama.

Ta ce, "Na ga 'yan mata suna karkaɗa jiki. Ka san ranar da na fara waƙar nan? Ranar da na fita takabar ubanka. Saniyar ta ƙi kowa, don hannunsa ta sani. Na tsuguna, na rasa da wa zan yi magana, sai na yi da ita. Ki juyo, ki juyo da kake ji ina faɗa, kana tsammani da saniya kaɗai nake?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Amma daga ranar ba ta ƙara rera waƙar ba. Na je ruga na tarar an yi wa Fure dabaibayi da igiya, ƙanena yana riƙe da ƙaho, Inna tana tatsa shiru.

To ka ga, waƙar soyayya ce, amma ba irin wadda kai da abokanka kuke tsammani ba. Ga abin da nake so ka riƙe. Duk abin da ka ji a bakin wani, ko waƙa, ko magana, ko labarin gidansu, kar ka kai shi gaban lasifika sai ka koma ka tambaye shi. Tambaya ba ta cin lokaci. Daga shagon nan zuwa Gubi tafiyar ɗan lokaci ce, ban yi ba. Kai kuma daga ɗakinka zuwa nawa ko takalmi ba sai ka sa ba, ba ka yi ba. A Kano za ka zauna da mutane iri-iri, za ka ji abubuwa masu daɗin kunne. Ba ka san abin da ke ƙarƙashinsu ba sai mai su ya faɗa maka.

Sai maganar Iliya. Ka saurari tsohon kaset ɗin da kyau, in har kunnenka bai riga ya lalace ba. Kafin in buɗe baki akwai 'yar sarewar nan da take hawa ta sauko. Iliya ya fitar da ita daga fiyanonsa, wani tsoho mai karyayyen maɓalli. Ita yara suke yi da fito a titi. Ita ce take sa mata su ajiye cokali a gidan biki tun ban ce komai ba. Ni a lokacin ban san haka ba. Na ɗauka muryata ce komai.

Da wani furodusa ya aiko in je Kano, Iliya ya ji labari. Da safe na fito da jakata na tarar da shi a tasha, ya ɗaure fiyanonsa cikin zanen gado.

Ya ce, "Ni ma zan zo ne, ko?"

Na ce masa Kano akwai manyan makaɗa da manyan kaya, ya bari in je in ga wuri tukuna, zan neme shi. Ya dube ni, ya dubi ƙunshin da ke kafaɗarsa.

Ya ce, "To. Allah ya kai ka lafiya. Amma waƙan nan, mu biyu ne ya haife shi."

Na je Kano na sayi hula mai tsada da tabarau irin naka. Kowane furodusa ya kira ni maganarsa ɗaya ce: a yi mana irin Fure. Na yi wa jan fure waƙa, na yi wa farin fure, saura kaɗan in yi wa furen albasa. Ko ɗaya ba ta kwana a bakin mutane ba. Yaya za a yi ta kwana? Waccan daga cikin Inna ta fito, waɗannan kuwa daga wuyana kawai suke fitowa. Makaɗan kuma kowa sauri yake ya sallame ni wani ya shigo.

Abin ya ƙare mini ne a nan Bauchi, a wani gidan biki a GRA, gidan wani babban ma'aikaci. Aka ɗauko ni daga Kano da makaɗina. Na ce yau zan nuna musu ni ba mai waƙa ɗaya ba ne. Na fara sabuwa, mutane suna ta cin shinkafarsu. Na shiga ta biyu, sai wata goggon amarya, ƙatuwar mace da gwaggwaro, ta taso ta riƙe mini hannun riga a gaban kowa.

Ta ce, "Malam, ba wannan muka kira ka ka yi ba. Yi mana Fure."

Na yi Fure. Suka ce a sake. Na sake. Haka na yi ta yi har muryata ta dushe. Makaɗin nan kuwa duk tsadar kayansa ya kasa fitar da sarewar yadda take. Ina fita sai na ji mai gadin gidan yana ce wa wani direba, "Ba haka Iliya ke busa ta ba." Mai gadi fa.

Washegari na nemi Iliya. Ya tashi daga tsohon wurinsa, ya yi aure, ya buɗe nasa shago. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini ruwa. Da na kawo maganar mu koma aiki sai ya yi dariya, ya ce, "Sha ruwanka, Sa'adu. Gaisuwa yana nan har abada. Kiɗa kuwa, hannuna ya riga ya tafi wani wuri." Har yau muna gaisawa, ya zo sunanka, na je auren 'yarsa. Amma ba mu ƙara zama ɗaki ɗaya da fiyano ba.

Ka san dalilin da ya sa nake ba ka wannan labari. Abokinka Sadiq. Wa ya yi ta zama da kai a zauren nan da kwamfutarsa, kuna hana ni barcin rana? Wa ya haɗa gangunan nan da suke sa mini ciwon kai? Jiya ina alwala na ji shi a ƙofar gida yana tambayarka yaushe ne tafiyar, na ji ka ce masa, "Bari in je in ga wuri, zan neme ka." Wallahi butar ta kusa suɓuce mini. Kalma ɗaya ba ka canza ba, kamar gado. Ban ce ka ɗauke shi a ka ba, wataƙila ma iyayensa ba za su bari ba. Amma ranar da ka shiga situdiyon nan, kafin ka zauna, ka faɗi sunansa, ka ce aikin na mutum biyu ne. Idan sun ce suna da manyan makaɗa, ka ce ka ji, amma naka kake so. In sun ƙi, ka kira shi ka gaya masa gaskiya da bakinka, kar ka bar shi yana duba waya.

Kuskurena na uku ya fi daɗewa, don shekaru na yi ina yinsa. Na dawo gida na kama sana'ar da na sani, na auri mahaifiyarka, na kuma ɗauki gaba da waƙar. Na ce kar in ƙara jinta a gidana. Amma ina! A garin nan? Makiyayi zai zo sayen maganin kaska, ya karɓi kayansa, ya ƙi tafiya, wai sai na yi masa baiti ɗaya. A shingen hanya jami'i ya leƙo mota ya gane ni, ya kira abokan aikinsa, wai in sauko in ɗan taɓa musu. Na je cire haƙori, bakina a wangame, mai cirewar yana rera mini ita a fuska. Ranar da aka haife ka ina safa da marwa a barandar asibiti, wata nas ta fito, maimakon ta gaya mini halin da ake ciki sai ta ce, "Lah, Baban Fure!" Har a zaman makoki wayar wani ta taɓa ɗaukar sarewar nan, jama'a duka suka juyo suna kallona, kamar ni na kunna. Akwai ranar da aka sa ta a rediyo muna cin abinci, na ɗauki rediyon na maka da bango. Mahaifiyarka ta tattara gutsattsarin, ta ce, "To, ka kashe wannan. Saura na sauran gidajen Bauchi."

Ina cikin wannan fushin Inna ta kwanta ciwo, muka ɗauko ta daga ruga muka kawo ta nan gida. Lokacin kana rarrafe. Wata rana da la'asar ina zaune kusa da ita ina mata fifita, sai ta buɗe ido.

Ta ce, "Sa'adu, yi mini waƙar Fure. Ba ta kasuwa ba. Tawa."

Na buɗe baki. Nafi'u, babu. Fulatancin ya tafi. Duk inda na lalubo, Hausar ce take fitowa, da sarewar Iliya a gabanta. Na rera ta kasuwa har ta shafe ta gida, sannan na yi shekaru ina toshe kunne, ban taɓa zuwa na ce Inna maimaita mini ba. Ta gwada da kanta, leɓɓanta suna motsi, numfashin bai kai ba. Na sa kunne kusa da bakinta, ban kama komai ba.

Can ta ce, "Shi ke nan. Yi ta kasuwar."

Na yi. Rabona da ita an daɗe. Ta saurara ido a rufe, da na kai ƙarshe ta ce, "Kun cika sauri." Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abarsa. Na tambayi goggonninka da duk tsofaffin rugar, kowa ya san amon, ba wanda ya riƙe kalmomin. Waƙar da ake yi daga nan har inda Hausa ta kai, asalinta yana cikin kabari a Gubi.

Ban gaya maka wannan don ka yi kuka a mota ba. Na gaya maka ne don ka san fushi da abin da ya fito da kai wauta ne, kuma ni na yi ta. Idan Allah ya ba ka waƙa ɗaya da mutane suka karɓa, za su dame ka da ita, za su hana ka cin abinci, za su manta kana da suna. Ka yi haƙuri da su. Wanda ya tare ka a hanya ba kai yake nema ba, ranar aurensa yake nema, ko ƙuruciyarsa, ko wani nasa da ya rasu. Na daɗe ban gane haka ba. Yanzu idan tsoho ya roƙe ni ina yi masa baiti ɗaya, ba ya rage ni da komai. Amma kuma kar ka zauna kana jiran wata irinta, kana kwaikwayon kanka. In ta zo, ta zo. In ba ta zo ba, ka iya wani abu da hannunka wanda zai riƙe ka. Kuma abin da yake na gida, ka adana shi tun masu shi suna da numfashi. Fulatancin nan da kake amsa mini da Hausa idan na yi maka, wata rana za ka neme shi.

Sauran kuwa ka san su, amma zan faɗa tunda ba ka da inda za ka gudu. Sallah a kan lokacinta, ko ana tsakiyar ɗauka ne ka ce a dakata. Kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, in ba ka gane ba ka kai wa kawunka da ke can Kano ya duba. Duk abin da aka miƙo maka aka ce yana gyara murya ko yana hana gajiya, ka ce ka gode. Ruwan ɗumi ya ishe ka. 'Ya'yan mutane da za ku yi aiki tare, ka ɗauke su kamar yayarka da ƙannenka. Ka cire tabaran nan idan kana gaida manya, don Allah, kamar mai ciwon ido. Ka ci abinci mai miya, ba biskit da lemo ba. Ka kira mahaifiyarka, ba saƙo ba, kira, ta ji muryarka.

Sannan ka koma gaban wayar nan taka ka gyara ƙaryar da ka yi. Ka ce waƙar ta kakarka ce, sunanta Hauwa'u, mai tallan nono daga Gubi, ka roƙi masu saurare su yi mata addu'a. Ka ce sarewar ta Iliya ce. Maganar saniya kuwa na bar maka, ka faɗa ko ka bari. Mahaifiyarka dai ta ce in gaya maka ita ba ta ƙi a ci gaba da kiranta Hajiya Fure ba, wai a shekarunta ba kullum ake samun irin wannan ba. Ka ji irin mutanen da nake zaune da su.

Akwai abu ɗaya da ban so rubutawa ba. Ɗazu da safe wani dattijo ya zo sayen gishirin lasa, ina auna masa sai na ga ya ƙura wa ƙasan tebur ido yana murmushi. Na duba. Ƙafata ce take bugawa. Kuma ba tawa nake bi ba, taka ce, mai gudun nan da gangunan injin niƙa. Tun ranar da na fara jinta ta shige kaina ta ƙi fita. Ban ce ta yi daɗi ba, kar ka je kana faɗa wa mutane. Na ce ta ƙi fita. Ni kuwa duk garin nan ba wanda ya kai ni sanin abin da wannan yake nufi. Shi ya sa nake jin tsoro, shi ya sa kuma na zauna na cika maka takardu haka.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare maka imaninka da mutuncinka da muryarka. Ya sa ka fi ni sa'a, ya sa kuma ka fi ni hankali, wannan ma ba wuya. Ya raba ka da mugun aboki da mugun yabo. Allah ya jiƙan Inna da mahaifina, ya sa aljanna ce makomarsu. Na yafe maka, duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka.

Ka kira idan ka sauka.

Mahaifinka,
Sa'adu